Ƙwan Zabina, Tukunyar Iska da Ruwan Rana

Batir maƙaryaci ne, wanda ya sayar mini da shi kuma ya san haka. Ba zan janye wannan maganar ba, ko a gaban waye. Uku na saya cikin shekara huɗu, kowanne an rantse mini shi ne na ƙarshe, kowanne kuma ya mutu a lokacin da na fi bukatarsa. Na ukun ya tashi tasa mutuwar ranar da ƙwan zabina ya cika kwana goma sha ɗaya a cikin injin ƙyanƙyasa.

Wanda bai taɓa kiwon zabi ba, bari in gaya masa abin da wannan yake nufi. Zabuwa ba ta ƙwai sai da damina, kuma ba a gida take yi ba, ciyawa take shiga ta ɓoye. Yayata da ke aure a Rigachikun ita ta yi ta bin zabinta cikin gonaki tun ruwan farko, da ciwon gwiwarta da komai, har ta tara mini tamanin da huɗu. Ta kawo su a ƙwarya biyu cikin ƙaiƙayi, ta dire a tsakar gidanmu na Hayin Banki, ta ce, "Ga su nan. Tunda kin yi boko, mu ga aikin boko." Kwana ashirin da takwas ƙwan zabi yake so cikin ɗumi guda, ba hawa ba sauka. In sanyi ya kama shi, ɗan da ke ciki ya mutu, sai kuma wata daminar.

Injin kuwa akwatin katako ne da wani ya haɗa mini a Panteka. Akwai wayar da ke yin zafi a ciki, da 'yar fanka, da ma'aunin zafi a jikin ƙofa. Talatin da bakwai da rabi ake so ya nuna. Wutar unguwa kada ma a yi maganarta, tun azumi taransifomarmu ta ƙone. Faranti biyu na sola da ke kan kwanon ɗakina su ke riƙe injin da rana, in rana ta faɗi batir ya karɓa har gari ya waye. Haka dai aka tsara.

Da safen nan na duba ma'aunin na ga talatin da ɗaya. Na goge gilashin da bakin mayafi na sake dubawa. Na ɗauko littafin da nake rubuta zafin safe da yamma, na kwatanta da na jiya, ko ni ce na juya lambar. Ni ban riƙe fensir ba sai da na shekara arba'in da huɗu, bayan na aurar da 'yata ta fari, don haka har yau in lamba ta gaya mini abin da ba na so, kaina nake fara zargi. Amma ɗaya ɗaya ce, ba ta yi kama da bakwai ba ko a wurin makaho. Na sa hannu cikin akwatin. Ƙwan ba sanyi ƙarara ba, amma ba ɗumin cikin kaza ba ne.

Na kira mai sola a waya. Ya ce batirin ya gaji.

"Ya gaji? Tuwo yake tuƙawa?"

"Hajiya, haka suke. Akwai wani sabo da ya shigo, shi kam ba ya..."

Na kashe wayar. Awakina biyu sun riga sun tafi a kan na ukun, babu abin da ya rage da zan sayar, kuma ko da akwai, na gama ciyar da wannan baƙin akwatin. Gawayi ma ba hanya ba ce. Bara na gwada sa kasko a ƙarƙashin ƙwan kaji da batir na biyu ya mutu, da safe na tarar na dafa rabinsu. Abin da na iya a ranar shi ne na naɗe injin da bargo biyu da tsohuwar babbar rigar Malam, mijina, na zauna ina kallonsa.

A haka ƙanin Malam ya same ni da azahar. Mai faci ne a bakin titi a Mando. Ya haura hamsin, yana da jikoki, amma wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanin miji bai bar bakinsa ba tun ina amarya.

"Ɗaliba, me ya sami fuskarki? An koro ki daga makaranta ne?"

"Kai dai aka koro daga gidanka, shi ya sa kake bin ƙamshin miyata."

"Ina ƙamshin? Ni ƙauri nake ji."

Sai da ya cinye malmala biyu sannan ya saurari abin da ya faru. Ya wanke hannu, ya gyara zama, ya ce ai batir ya zama tsohon yayi. Akwai wani dattijo da yake kawo masa mota, wanda ya yi aikin gyaran jirgin sama har ya yi ritaya, shi ya ba shi labari. A wasu ƙasashe, in ji shi, da rana sai su sa wutar sola ta dinga tura iska cikin wani ƙaton rami a ƙarƙashin ƙasa, su toshe. In dare ya yi su buɗe, iskar ta fito da ƙarfi ta juya inji, wuta ta dawo.

"Iska," na ce.

"Iska, matar yaya."

"Wannan da take kaɗawa a banza?"

"Ita. Amma a matse."

"Ni ɗumi nake nema wa ƙwai, kai kana kawo mini iska. Fifita zan yi musu?"

"Kin ga matsalar karatun tsufa. Tirelar da ke wucewa ta gabana da lodin siminti, me ke ɗauke da ita? Ba iskar da na dura wa taya ba? Shekarata talatin ina ajiye iska a tukunya, ba ta taɓa ce mini ta gaji ba."

Malam tela ne, ba ya son hayaniya, yana bakin kekensa a zaure yana jinmu. Ya leƙo ya ce, "A gwada mana. In bai yi ba ai ba a rasa komai ba."

Zan faɗi gaskiya a kan dalilin da ya sa na yarda. Ba don na gane ba ne. Don ban gane ba ne. Da can, kafin in shiga aji, duk abin da ya yi mini kama da hauka nan take nake ce masa hauka, kuma yawanci ina da gaskiya. Amma tun ranar da malamarmu ta ɗauko lemo da tocila ta nuna mana cewa ƙasa ce ke juyawa ba rana ba, na rasa wannan ƙarfin. Na yi musu ranar har muryata ta dushe, daga baya ya tabbata ni ce ban sani ba. Tun daga nan in mutum ya zo da magana mai ban dariya, ya ce a ƙasar waje ake yi, sai in ji bakina ya yi nauyi. Wa ya sani ko wani lemon ne?

Washegari da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Aka sauko da tsohuwar tukunyar iskarsa, ja, mai tsatsa, tsawonta ya kai ni a kwance. Aka sauko da ɗan injin da ke dura mata iska, da faranti guda na sola da ya ciro daga rumfarsa, da tiyo, da wani dainamo na mota da ya ɗaura wa fikafikan gwangwani. Ya shimfiɗa su a tsakar gidana, daidai inda nake shanya. Daga ranar ya hana ni kiransa da komai sai Injiniya.

Injin iskar ya tashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya san ƙarar. To ita ce a tsakar gidana daga hantsi har la'asar, tana tsayawa in gajimare ya gifta, tana ci gaba in ya wuce. Kajina suka gudu bayan ɗaki. Maƙwabciyata ta ɗaga murya ta kan katanga: "Maman yara, faci kika fara? In turo barona?"

Da rana tsaka na zo wucewa da kwanon tsaki, damtsena ya gogi wani siririn bututun jan ƙarfe da ya fito daga kan injin zuwa tukunyar. Na saki kwanon. Har yau tabon yana nan.

"Kai! Wannan abin wuta ne!"

"Haka yake," in ji Injiniya, ko ɗagowa bai yi ba. "In aka matse iska zafi take yi."

"To ai zafin nake nema!"

"Wannan ba shi ba ne. Wannan na banza ne, fita yake. Na gaskiyar yana cikin tukunya."

Na dafa tukunyar. Ɗumi-ɗumi ne kawai, kamar kowane ƙarfen da ya wuni a rana. Na tsaya ina kallon bututun da ya ƙone ni, wanda aka ce zafinsa na banza ne, da akwatin ƙwaina da ke cikin ɗaki yana jiran zafi, tsakaninsu bai fi taku goma ba. Na ce a raina akwai abin da ba a koya mana ba tukuna.

Dab da magariba ya ce lokaci ya yi. Ya cire wayar injin ƙyanƙyasa daga batir ya haɗa da dainamonsa, ya ƙara gulob guda don kowa ya shaida. Malam ya ɗauki buta ya tsuguna a bakin rariya zai yi alwala. Injiniya ya yi bisimilla ya murɗa bawul, mabuɗin iskar tukunyar.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi aiki. Iskar ta fito tana huci, fikafikan gwangwanin suka juya har ba a ganinsu, gulob ya kama. Na ruga ɗaki na ji 'yar fankar cikin akwatin tana juyawa. Na fito ina cewa Allahu akbar. Injiniya yana rawa da kafaɗa yana cewa, "Ɗaliba, rubuta! Rubuta a littafinki!" Malam yana wanke fuska a lokacin. Yana shafar kai gulob ya fara ja. Kafin ya gama ƙafar hagu komai ya yi tsit.

Muka tsaya mu uku. Na je na taɓa bawul ɗin da iskar ta fito, na janye hannu da sauri. Sanyi ne kamar ƙanƙara, har raɓa ta kwanta a jikinsa.

Nan kaina ya ƙarasa kwancewa. Rana ta wuni tana dukan faranti. Farantin ya ba da wuta, wutar ta tura iska, iskar ta ƙone mini hannu. An rufe ta a tukunya ba ta da hanyar fita. Yanzu an buɗe ta fito da sanyi. To ina zafin ya tafi? Wa ya ɗauka?

"Tukunyar ce ta yi kaɗan," in ji shi.

"Wace iri ake bukata?"

Ya dubi tukunyar, ya dubi sama, yana motsa leɓe. "In har zuwa asuba ne... kamar tankar mai. Ko biyu."

"A ina zan ajiye tankar mai? A kan gadona?"

"Ai shi ya sa su suke haƙa rami."

"To ɗauko diga ka fara daga zauren yayanka."

Malam ya tafi masallaci. Na mai da wayar jikin batir da hannuna.

Safiya ta goma sha uku, ma'auni ya nuna talatin. Na jira rana ta ɗaga injin ya koma daidai, na saki labule, na rufe ƙofa, na haska ƙwan ɗaya bayan ɗaya da tocilar waya. Mai rai ba ya ɓoyuwa. Za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saiwar albasa, da wani duhu a tsakiya da yake motsawa in haske ya dame shi. Wanda ya mutu kuwa jijiyoyin sun tattare sun zama zobe, duhun ya kwanta gefe. Bakwai na fitar. Na haƙa rami a gindin zogale na binne su don kada kaji su koyi shan ƙwai. Saura saba'in da bakwai, saura kwana goma sha biyar, batir kuma kullum gaba yake yi.

Ranar akwai aji. Muna karatu ne a wata firamare a Unguwar Rimi, bayan yara sun tashi, mu matan da muka zo a makare, muna cusa gwiwoyinmu ƙarƙashin bencin da aka yi don 'yan shekara bakwai. Malamarmu sa'ar 'yata ce, tana kirana Mama, ni ina kiranta Malama, kuma da gaske nake. Lissafi za a yi, amma na ɗaga hannu kafin ta ɗauki alli, na zayyana mata komai, har tabon na nuna.

Ta ɗauki alli ta zana rana a allo. Ta ja kibiya ta rubuta wuta, ta ja wata ta rubuta iska, wata kuma wuta, ta ƙarshe zafi. Ta ce duk inda kibiya take, wani abu yana zubewa a hanya.

"Kamar a juye kunu daga kwano zuwa kwano," na ce. "Kowane kwano sai ya lashe nasa."

"Haka ne, Mama. Zafin da ya ƙone ki shi ne wanda ya zube."

"To na cikin tukunyar fa? Me ya sa ya fito da sanyi?"

"Iska in ta saki jiki sanyi take yi."

"Don me?"

Ta fara bayani da wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, masu gudu suna karo da juna. Na bi ta har rabin hanya na ɓace. Da ta ga idona ta tsaya. Ta ce ai ba iska kaɗai ba ce. Wasu ruwa suke turawa kan tudu da rana, da dare su sake shi ya gangaro ya juya inji. Wasu yashi suke gasawa su rufe. Wasu ma gishiri suke narkarwa.

"Gishiri?" in ji wata tsohuwa da ke zama kusa da ni, mai sayar da waina. "Na miya?"

Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "Malama, rana nawa ce take shiga buhun yashi guda? Zai kai ƙwai saba'in da bakwai asuba?"

Ta ajiye allin. "Mama, wallahi a littafi na karanta. Ban taɓa gani da idona ba."

Na ji daɗin gaskiyarta, amma ba ta ɗumama ƙwai. Na kasa zama, na nemi izini na fito tun ba a tashi ba. A cikin keke ina kallon gari kamar ban taɓa ganinsa ba. Ga tulin yashi a ƙofar wani gini, ga tankunan ruwa a kan dogayen ƙarafa sun leƙo ta saman katangu, ga mai shago da buhunan gishiri. Da safe na san rana a sama take. Yanzu an ce mini tana cikin yashi, tana kan tudu, tana cikin gishiri, tana cikin taya, ko'ina dai ban da cikin akwatina.

Na shigo gida ana kiran la'asar. Injiniya ya riga ni, yana auna tsakar gida da taku, wai ya ji labarin wata tukunya babba a Panteka. Malam yana tsaye a bakin famfo da buta a hannu, ya buɗe famfon ruwa yana zuba a ƙasa yana bin rariya.

Ba sabon abu ba ne. Tankinmu baƙar roba ne a kan rufin banɗaki, bututunsa kuma baƙi ne, ya bi ta kan kwano ya zagayo kafin ya sauko famfo. Da la'asar ruwan farko ba ya taɓuwa. Mu kuwa mun taso an gaya mana ruwan da rana ta dafa ba a wanka da shi, ba a alwala da shi, yana kawo ƙyasfi. Innata ta sha dukana a kan barin bokiti a rana, ni ma na sha dukan 'ya'yana a kan haka. Kullum sai Malam ya bar famfon ya zubar da mai zafin, in wanda ya biyo baya ma bai yi masa ba, ya je randa ya cika butarsa. Ni da kaina na fi shi zubarwa. Shekara nawa, ban taɓa kallon ruwan nan a matsayin komai ba sai abin da ake jira ya wuce.

Ranar dai ina shigowa ruwan ya fantsamo mini a ƙafa, na yi tsalle.

"Malam, rufe famfon nan!"

Ya juyo a firgice. "Lafiya?"

"Rufe, na ce! Zafi kake zubarwa!"

"Ai shi ya sa nake zubarwa. Ruwan rana ne."

Na ture hannunsa na rufe da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Na kwaso jarkoki huɗu na man gyaɗa da na wanke na ajiye, na fara tara ruwan. Malam yana tsaye da butarsa babu komai a ciki.

"Me za ki yi da shi?"

"Ƙwai zan ba."

"Ruwan rana? Ke ba ki san abin da aka ce a kansa ba?"

"Ƙwan sallah zai yi?"

"A'uzubillahi. Wannan bakin naki."

"Yaya, ni na ji malamai sun ce na cikin ƙarfe ake nufi," in ji Injiniya. "Wannan roba ce."

"Ni dai haka na taso. In 'yan tsakin suka fito da dabbare-dabbare a jiki, kada a ce ban faɗa ba."

"Yaya, zabi ne fa. Da dabbare-dabbarensu suke zuwa."

Malam ya dube shi, ya dube ni, ya wuce randa.

Na tsoma ɗayan ma'aunin da mai injin ya ba ni na ajiya. Jarkar farko ta haura hamsin. Sauran ukun tsakanin arba'in da arba'in da ɗaya. Sai na dakata. Hamsin ba ɗumi ba ne, girki ne, na kuma san yadda dafaffen ƙwai mai ɗa a ciki yake wari. Na gauraya su na sake aunawa, arba'in da uku. Har yanzu ya yi yawa. Ko bai yi ba? Zafin cikin ruwa shi ne zafin da zai isa jikin ƙwai? Ba a zana mana wannan kibiyar ba. Ga shi jarka ko ɗaya ba za ta shiga akwatin katakon ba.

Akwai mataccen firij a ɗakin girki da na mayar ma'ajiyar kwanuka. Na kwashe kwanukan, na sa Injiniya ya kama muka kwantar da shi ta baya, na jera jarkokin a ciki, na ɗora faranti na silba a kansu, na ajiye ma'aunin a kan farantin inda ƙwai zai zauna, na rufe. Ban sa ƙwai ko ɗaya ba. Kafin magariba na leƙa, talatin da tara.

"Wannan ba kimiyya ba ce, ɗaliba," in ji Injiniya. "Wannan wankan jego ne. Ina waya? Ina bawul? Ko ƙara ba ya yi."

"Naka mai ƙarar alwala guda ya yi."

"Amma ya kunna gulob. Naki ya kunna mu gani."

Abin da ya faɗa yana cina. Wannan abu ba wanda ya sayar mini, ba shi da suna, ba a ƙasar waje na ji shi ba. Ruwan da muke zubarwa ne a cikin firijin da ya mutu. In da haka ake ajiye rana, me ya sa dattijon jirgin sama bai faɗa ba? Me ya sa mai sola bai faɗa ba? To shi wannan na san dalilinsa. Kuma shin rana na ajiye, ko ruwan zafi kawai? Ko duk ɗaya ne? In marka ta sauka ta kwana uku ba a ga rana ba fa? Na tambayi Malam da ya dawo, ya ce shi ɗinki ya sani. Na buɗe littafina in rubuta abin da na yi, na rasa sunan da zan sa a saman shafin, na rubuta ranar kawai da lambar.

Da gari ya waye na fara zuwa wurin injin. Talatin. Na tafi ɗakin girki na ɗaga murfin firijin, ɗumi ya bugi fuskata. Talatin da shida.

Ba talatin da bakwai da rabi ba ne. Babu wanda ya cika a cikinsu, ɗaya dai ya fi kusa. Ban san ko ƙwai zai iya numfashi a rufaffen firij ba, ban san ko jarkokin gobe za su fi na jiya zafi su dafa mini su ba, ban kuma gane abin da ya riƙe zafin ba, ruwan ne ko firijin. Abin da ban gane ba ba zan ba shi duka saba'in da bakwai ba. Batir ma ba zan bar masa duka ba.

Na ɗaure kan famfon da tsumma na ƙulle tam, na cika wa Malam buta biyu daga randa na ajiye masa a zaure. Na sa ƙusa a wuta ta yi ja, na huda murfin firijin wuri shida don iska. Sannan na ɗauko fensirina na zauna a gaban injin, na buɗe ƙofar kaɗan, na fara sa wa ƙwan alama, ɗaya in sa, ɗaya in tsallake, waɗanda za su kwana a kan ruwa in rana ta faɗi.